Yadda ake shiga gasar neman kwangilar gini ko gyaran gini, daga ganin talla zuwa sa hannu

Da yawa daga cikin 'yan kwangilar da ke faɗuwa a gasar tayi, tun kafin kwamitin tantancewa ya kai ga shafin kuɗi an riga an ture takardunsu gefe. Wani ya manta da sa hannu a takardar tayi, wani garantin bankinsa, wato takardar da banki ke tsaya masa da ita cewa zai biya idan ya saɓa, ya gaza da 'yan kwanaki, wani kuma ya iso bayan an rufe akwati. Akwai kuma waɗanda suka tsallake wannan duka, suka ci aikin da farashin da ba zai kammala shi ba, ginin ya tsaya a linta, su kuma suka shiga bashi. Wannan bayani na ɗan kwangila ne da yake son ya kauce wa ramukan biyu, musamman ƙarami ko matsakaici wanda ba shi da sashe na musamman mai shirya masa tayi.

Asalin tsarin ba shi da wuya. Mai aiki, ko gwamnati ce ko kamfani ko ƙungiya, yana bayyana abin da yake so a gina ko a gyara, ya ba kowa takardu iri ɗaya da wa'adi ɗaya, kowa ya kawo tayinsa a rufe, a buɗe a bainar jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi dacewa. Dokokin ƙasashe sun bambanta, amma da yawansu sun ɗauki ƙashin bayansu daga dokar samfuri ta sayen kaya da ayyukan gwamnati wadda hukumar dokokin kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCITRAL, ta sabunta a 2011, ko kuma daga takardun tayi na Bankin Duniya. Saboda haka matakan da ke ƙasa za su yi maka aiki kusan ko'ina, amma duk inda suka saɓa da abin da ke rubuce a takardun da ke hannunka, takardun za ka bi.

Mataki na 1: Haɗa jakar kamfani tun babu talla

Wa'adin tayi yakan zama makonni kaɗan, kuma lissafin farashi kaɗai zai cinye rabinsa. Wanda ya bari sai an yi talla sannan ya fara neman takardar shaidar biyan haraji ya makara. Ka tanadi jaka ɗaya, a takarda da kuma a kwamfuta, mai ɗauke da takardar rajistar kamfani, shaidar haraji wadda ba ta ƙare ba, lasisin aikin gini idan ƙasarka na bayarwa, rahoton kuɗin kamfani na shekaru 3 da akanta mai lasisi ya bincika ya sa wa hannu, takardun ilimi da tarihin aikin injiniyanka da shugaban ma'aikatanka, da jerin kayan aikin da ka mallaka ko kake da yarjejeniyar haya a kansu.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne shaidar ayyukan baya. Takardar ba da kwangila ba ta isa ba, domin tana nuna an ba ka aiki ne kawai, ba ta nuna ka gama ba. Duk aikin da ka kammala, komai ƙanƙantarsa, kada ka bar wurin sai ka karɓi takardar shaidar kammalawa mai ɗauke da sunan aikin, darajarsa da ranar da aka gama. Bayan shekara biyu jami'in da ya san ka yana iya barin wurin, kuma samun takardar a lokacin sai an sha wuya.

Mataki na 2: Karanta tallar, ka yanke shawarar shiga ko haƙura

Ba kowace talla ce taka ba. Shirya tayi yana cin kuɗi da lokaci: kuɗin sayen takardu, kuɗin da banki zai caje ka a kan garanti, zirga-zirgar duba wuri, da ladan mai yi maka ƙiyasi. Kafin ka kashe ko sisi, nemi shafin sharuɗɗan cancanta ka auna kanka da shi ba tare da son kai ba. Galibi abu huɗu ake tambaya: matsakaicin cinikin kamfaninka a shekara, adadin ayyuka masu kama da wannan da ka gama a 'yan shekarun baya, kuɗin juyawa da kake da shi a hannu ko banki ya yarda zai ba ka, da ma'aikata da kayan aiki. Waɗannan ko ka cika ko ba ka cika ba ne, babu tsakiya. Idan an ce ayyuka biyu masu kama, kai kuma ɗaya kake da shi, kyawun farashinka ba zai cece ka ba.

Mafita ga ƙaramin kamfani ita ce haɗin gwiwa da wani, idan takardun sun yarda. Sai dai ka san abin da kake sa wa hannu. A yawancin takardu, kowane ɗaya daga cikin abokan haɗin gwiwa yana ɗauke da alhakin aikin gaba ɗaya, ba rabonsa kaɗai ba. Idan abokinka ya gudu, kai za a kama a kan duka.

Sai kuma tambayar da babu ita a kowane fom: mai aikin nan yana biya? Ka tambayi waɗanda suka taɓa yi masa aiki. Ka duba ko an faɗi inda kuɗin zai fito. Aikin da aka tallata ba tare da an ware masa kuɗi ba yana iya tsayawa a tsakiya alhali jarinka na binne a cikinsa.

Mataki na 3: Karanta takardun tayi duka, da biro a hannu

Kundin yakan ƙunshi umarni ga masu tayi, takardar bayanan wannan tayi na musamman, ƙa'idojin tantancewa, fom-fom da za a cike, sharuɗɗan kwangila, bayanin ingancin kaya da aiki, zanen gini, da jadawalin ƙididdigar aiki wanda ake kira BOQ. Mutane sukan yi tsalle su faɗa kan jadawalin saboda a nan kuɗi yake. Ni kam shawarata ka fara da takardar bayanai na musamman da sharuɗɗan kwangila na musamman, domin a nan mai aiki yake sauya abin da ka saba gani. Ka fitar da waɗannan a takarda ɗaya ka manna a bango: rana da sa'ar rufewa, wurin miƙawa, yawan kwafi, adadi da nau'in garantin tayi, tsawon lokacin da tayinka zai ci gaba da aiki, wa'adin kammala gini, tarar jinkiri, kuɗin riƙo da ake cirewa daga biyanka, da ko akwai kafin alƙalami.

Ka gane kuma wane irin kwangila ce. Idan ta awo ce, za a biya ka gwargwadon abin da aka auna ka yi a zahiri, a kan farashin da ka sa wa kowane layi. Idan ta dunƙule ce, kuɗi ɗaya ne na aikin duka, kuma duk abin da ke cikin zane amma aka manta da shi a jadawali yana iya zama a wuyanka. Manyan ayyuka da dama suna amfani da sharuɗɗan ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, wadda aka kafa a 1913. Kundin sharuɗɗanta da ake kira Jan Littafi shi ne na aikin da mai aiki ya kawo zanensa kuma ake biya da awo, kuma bugun 1999 da na 2017 duka suna yawo, don haka ka tabbatar wanne aka ambata.

Mataki na 4: Je wurin da ƙafarka

Gani ya kori ji. A sabon gini abin da za ka duba sananne ne: hanyar da tifa za ta bi ta shigo, musamman da damina, irin ƙasar wurin, ko dutse ne ko yumɓu ko cike, inda za a samu ruwa da wuta, wurin ajiye kaya, da nisan yashi da tsakuwa. Idan an shirya ranar zagayen wuri ta bai ɗaya, ka je ka sa hannu a rajista, domin wasu masu aikin suna sa halartar a cikin sharuɗɗa.

Gyaran tsohon gini kuwa wani abu ne daban, kuma a nan ne ƙwararru ma suke ƙonewa. Jadawali zai ce a sauya kwanon rufi murabba'in mita kaza, amma ba zai faɗa maka halin da katakon da ke ƙarƙashinsa yake ciki ba. Ka tafi da tsani, tocila, tef ɗin awo, ƙaramar guduma da sukundireba. Ka hau cikin silin ka soka sukundireba a jikin katako: idan ta shige kamar cikin burodi, gara ta gama da shi, kuma ranar da aka cire kwano sai an sauya rufin gaba ɗaya. Ka ƙwanƙwasa filasta da guduma, inda ta yi ƙara kamar fanko ta rabu da bango, fenti ba zai zauna a kanta ba sai an fasa an sake. Ka kalli ƙasan bango: farin gishiri da fentin da ke kumbura alamar danshi ne da ke tasowa daga ƙasa, kuma idan ka shafa sabon fenti a kai zai dawo kafin wa'adin gyaran lahani, wato lokacin da kake gyara duk abin da ya lalace bayan miƙa gini, ya ƙare, da kuɗinka za ka sake.

Tsagewar bango ma iri-iri ce. Siririya wadda ta tsaya a filasta ba abin damuwa ba ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta ratsa bulo, tana faɗi daga gefe ɗaya, tana iya nufin harsashi yana nutsewa, kuma wannan aikin injiniya ne, ba na birkila ba. A ƙarƙashin dekin ka nemi wurin da kankare ya ɓare rodi ya fito da tsatsa, domin rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa kankaren da ke kewaye da shi. Ka buɗe akwatin wuta ka ga shekarun wayoyin. Ka zuba ruwa a magudana ka ga ko yana wucewa.

Abu biyu na lafiya kada ka raina su. Tsofaffin gine-gine da yawa suna da silin ko rufin asbestos, wanda ƙurarsa ke haddasa cutar huhu har da sankara, kuma cire shi yana buƙatar kariya da hanyar zubarwa ta musamman. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma. Duka biyun kuɗi ne da ya kamata su shiga lissafi. Ka kuma tambaya ko za a kwashe mutane daga ginin. Gyaran asibiti ko makaranta alhali ana amfani da su yana nufin aiki sashe-sashe, ko da dare, ko lokacin hutu, kuma leburanka ba za su yi saurin da suka saba ba.

Ka ɗauki hoto da yawa, ka sake auna wasu ɗakuna ka gwada da abin da ke jadawali.

Mataki na 5: Yi tambaya a rubuce

Duk abin da ka gani wanda ya saɓa da takardu, ko zane ya ce abu ɗaya jadawali ya ce wani, ka rubuta wa mai aiki kafin wa'adin tambayoyi ya wuce. Ƙa'ida ita ce ya aika amsar ga duk masu tayi ba tare da ya faɗi wanda ya tambaya ba, kuma idan amsar ta sauya wani abu ya fitar da takardar gyara wadda ta zama ɓangaren kundin. Maganar baki da wani jami'i ya yi maka a wurin zagaye ba ta da daraja ranar da rigima ta tashi. Ka riƙa bibiyar takardun gyara har ranar ƙarshe, domin wani lokaci suna sauya jadawali ko ranar rufewa.

Mataki na 6: Gina farashin kowane layi daga tushe

Kada ka kwafi farashin tsohon tayi, kada kuma ka fara da tambayar nawa abokan takara za su sa. Ka fara da nawa aikin zai ci ka. Kowane layi yana da kaya, lebura, injin aiki da asarar da ba makawa. Ɗauki ginin bulo: bulo mai tsawon milimita 450 da tsayin 225 yana shiga kusan guda 10 a murabba'in mita. Ka ƙara kaso kaɗan na waɗanda za su fashe a lodi da saukewa, ka ƙara siminti da yashin ɗaurawa, sannan ka raba ladan birkila da leburansa na yini a kan murabba'in mitan da suke iya ɗorawa a yini, wanda a bene na biyu ya gaza na ƙasa. Kankare mai haɗin 1:2:4 yana cin buhun siminti mai kilo 50 tsakanin 6 da 7 a kowane kubik mita. Rodi kuma da nauyi ake lissafa shi: mai milimita 12 yana da kusan kilo 0.89 a mita ɗaya, mai 16 kusan kilo 1.58, kuma sai ka tuna da haɗin baki da guntayen da ake yankewa da wayar ɗauri. Farashin kaya ka karɓo shi a rubuce daga dillalai aƙalla biyu ko uku, tare da kuɗin kawowa har wurin aiki, ka tambaye su kwana nawa farashin zai tsaya.

Bayan layukan aiki akwai kuɗin zama a wurin, wanda sababbin 'yan kwangila suka fi mantawa da shi: shinge, rumfar ajiya, mai gadi, ruwa, janareta da mansa, sikafo, inshora, kayan kariya na ma'aikata, gwajin kankare na kwana 7 da na kwana 28, albashin injiniyan wuri, allon sanarwa, da kwashe ɓaraguzai. Yawancin waɗannan da lokaci suke tafiya, don haka idan aikin wata 6 ya zama wata 9, su ma sun ƙaru da rabi. A kan wannan sai ka ɗora rabon ɗawainiyar ofishinka, kuɗin garanti, ruwan bashi idan da bashi za ka yi aikin, harajin da za a cire, sannan riba. Ka lura da wannan ƙaramin lissafi: idan aiki ya ci ka 100 ka ɗora 10, ribarka kashi 9 ne da ɗan ɗoriya na kuɗin kwangila, ba kashi 10 ba, kuma duk abin da za a cire maka a kan 110 ɗin za a lissafa shi.

Sai tashin farashi. Tsakanin ranar da ka miƙa tayi da ranar da za ka sayi kwanon rufi ana iya yin watanni da yawa. A ayyukan Bankin Duniya ana sa sharaɗin daidaita farashi ga kwangilar da ta wuce wata 18, amma gajerun kwangiloli galibi farashinsu tsayayye ne, wato duk hauhawar da aka yi kai za ka haɗiye ta. Idan haka ne, ka sa ta a lissafi tun yanzu.

A aikin gyara ka duba ko an ware kuɗin ko-ta-kwana na abin da ba a gani ba sai an fasa, da kuma jadawalin aikin yini, inda ake neman farashin lebura da injin a kan sa'a ko yini. Mutane sukan cike wannan shafi da gaggawa, alhali da shi za a biya su duk ƙarin aikin da ya ɓullo. Ka ba shi hankalinka. Kada kuma ka bar layi babu farashi, domin ƙa'idar da aka saba ita ce layin da ba ka sa wa kuɗi ba ana ɗauka ka shigar da shi cikin sauran, kuma za ka yi shi ba tare da ƙarin biya ba.

Akwai dabarar da wasu ke yi ta kumbura farashin ayyukan farko kamar haƙa da harsashi, su rage na ƙarshe kamar fenti, don su ja kuɗi da wuri. Masu tantancewa sun san ta. Takardun Bankin Duniya sun ba mai aiki damar neman bayanin yadda ka gina farashinka, ya ƙara maka garantin aiki, wato wanda ake tsaya maka da shi cewa za ka kammala aikin, ko ya ƙi tayin. Haka kuma tayin da ya yi arha fiye da hankali: za a ce ka nuna yadda za ka yi aikin da wannan kuɗi, kuma idan ka kasa a ajiye ka. Wannan sharaɗi ina ganin alheri ne ga kowa, domin ginin da aka karɓa ƙasa da kuɗinsa a siminti da rodi ake fanshewa, kuma mutane ne za su kwana a ƙarƙashinsa.

Mataki na 7: Lissafa yadda kuɗi zai shiga ya fita

Kwangila mai riba a takarda tana iya durƙusar da kamfani idan kuɗi bai zo a kan lokaci ba. Ka zana wata-wata: nawa za ka kashe, nawa za a biya ka, kuma yaushe. A bugun FIDIC na 1999 mai aiki yana da kwana 56 daga ranar da injiniyansa ya karɓi takardar neman biyanka, wato aikin da ka yi a farkon wata yana iya kusan wata uku kafin kuɗinsa ya shigo, ko da babu wanda ya saɓa alkawari. Daga kowane biya kuma ana cire kuɗin riƙo, sau da yawa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a ba ka rabinsa idan an karɓi gini, sauran sai wa'adin gyaran lahani ya cika, wanda galibi shekara ɗaya ne. Kafin alƙalami ba kyauta ba ne, bashi ne da ake ba ka a kan garantin banki kuma a riƙa zare shi daga biyan da ke tafe. Wurin da ramin ya fi zurfi a zanenka, shi ne jarin da kake buƙata. Idan ba ka da shi kuma banki bai yi maka alkawarinsa a rubuce ba, aikin ya fi ƙarfinka a yanzu.

Mataki na 8: Rubuta tsarin aiki na wannan gini, ba na kowane gini ba

Za a nemi bayanin yadda za ka gudanar da aikin, jadawalin lokaci, jerin ma'aikata da kayan aiki, da tsarin kare lafiya da muhalli. Mai tantancewa yana gane bayanin da aka kwafo daga wani tayi, wani lokaci har da sunan tsohon aikin a ciki. Ka rubuta abin da ka gani: ta ina za ka fara, yadda za ka rufe ginin idan ka cire kwano hadari ya taso, yadda za ka raba masu amfani da ginin da wurin aiki. Jadawalin ya dace da wa'adin da aka bayar, ya kuma bar wa kankare kwanakinsa kafin a cire katakon dekin. Injiniyan da ka sa sunansa ka tabbatar ya sani kuma ya yarda, domin ana samun mutum ɗaya a tayin kamfanoni uku.

Mataki na 9: Garantin tayi, haɗawa da miƙawa

Ka nemi garantin tayi da wuri, banki ba ya sauri don kai kana sauri. Ya zama da lafazin fom ɗin da ke cikin kundin, da adadin da aka faɗa, da sunan kamfaninka daidai, ko sunan haɗin gwiwar idan tare kuke. Ka ƙirga kwanakinsa da kyau: a takardun Bankin Duniya sai ya wuce ƙarshen lokacin da tayinka zai ci gaba da aiki da kwana 28. Ana ƙwace shi idan ka janye tayi bayan an rufe, ko ka ci ka ƙi sa hannu, ko ka kasa kawo garantin aiki.

Kafin a rufe ambulan, ka ba wani wanda bai shirya tayin ba ya bi shi layi-layi da kalkuleta. Dalili shi ne ƙa'idar gyaran lissafi: idan farashin ɗaya, wato na kowace mita ko kowane guda, da jimillar layi suka saɓa, farashin ɗaya ake bi, sai dai in a fili yake cewa ɗigo ne ya kauce, kuma idan lamba da kalmomi suka saɓa, galibi kalmomi ake bi. A ce filasta murabba'in mita 200 ce, ka yi niyyar 53 ka rubuta 35, jimilla kuma ka sa 10,600. Kwamiti zai mayar da jimillar 7,000, kuma ko ka yarda ka yi aikin a haka ko a ƙi tayinka.

Wanda zai sa hannu ya zama yana da takardar izini daga kamfani. Duk inda aka goge aka gyara a sa gajeren sa hannu a gefe. Kada ka ƙara sharaɗin kanka, irin su farashina zai tsaya ne idan siminti bai tashi ba, domin wannan kaɗai ya isa a fitar da kai. Ka sa lambar shafi, ka ɗinke kundin, ka rubuta asali a kan asali da kwafi a kan kwafi. Idan an ce ambulan biyu, na fasaha daban na kuɗi daban, kada ko alamar farashi ta shiga na fasaha. Ka kai kwana ɗaya kafin wa'adi ka karɓi rasit. Tayin da ya makara ko da minti ɗaya ne a rufe ake mayar da shi. Idan ta intanet ake miƙawa, ka yi rajista da shafin tun da wuri ka ɗora takardu da sauran sa'o'i masu yawa, domin shafin da kansa yake kullewa idan lokaci ya yi.

Mataki na 10: Ranar buɗewa da zaman jira

Ka je ko ka tura wakili. Za a karanta sunan kowane mai tayi, jimillar kuɗinsa, rangwamen da ya bayar, da ko ya kawo garanti. Ka rubuta duka. Rangwamen da ba a karanta a wurin ba bai kamata a yi la'akari da shi daga baya ba, don haka idan ka bayar ba a karanta ba, ka yi magana nan take. Wanda ya fi kowa arha a ranar ba lallai shi ne zai ci ba, saura a duba cikar takardu, dacewa da sharuɗɗa, gyaran lissafi da cancanta.

Daga nan sai ka kama bakinka. Idan kwamiti ya nemi ƙarin haske zai rubuto, kai ma ka amsa a rubuce cikin wa'adi ba tare da ka taɓa farashi ba. Bin jami'ai gida, aika kyauta, ko haɗa baki da sauran 'yan kwangila a kan wa zai ci yau wa zai ci gobe, duka laifi ne, kuma hukuncinsa yana bin kamfani nesa. Tun 2010 Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka, Bankin Raya Asiya, na Turai mai sake ginawa da raya ƙasa, da na raya ƙasashen nahiyar Amurka suka yi yarjejeniya cewa kamfanin da ɗayansu ya dakatar fiye da shekara ɗaya saboda irin wannan, sauran ma za su dakatar da shi. Takardar bogi guda ɗaya ta shaidar aikin da ba ka yi ba tana cikin abin da ke jawo haka.

Mataki na 11: Bayan sakamako

Idan ba kai aka zaɓa ba, ka nemi a yi maka bayanin dalili a rubuce. Tsare-tsare da yawa suna da ɗan lokacin dakatawa tsakanin sanar da wanda za a ba da sa hannu, wanda a tsarin Bankin Duniya na 2016 kwanakin aiki 10 ne, kuma a cikinsa ne ƙorafi yake da amfani. Ƙorafin ya tsaya a kan sakin layin da aka saɓa, da hujja, ba zargi ba. Ka ajiye farashin da ka rubuto ranar buɗewa kusa da naka. Bayan tayi biyar ko shida za ka fara ganin inda kake tsada da inda kake yi wa kanka arha.

Idan kai ne, agogo ya fara tafiya daga ranar da ka karɓi takardar amincewa. Garantin aiki, wanda sau da yawa kashi 10 cikin ɗari ne idan na banki ne, FIDIC ta ba ka kwana 28 ka kawo shi. Ka karanta kwangilar da aka kawo maka ka gwada da wadda ke cikin kundin tayi kafin ka sa hannu. Ka yanki inshora kafin lebura na farko ya shiga. A aikin gyara, ranar da aka miƙa maka wuri ka zagaya tare da injiniyan mai aiki, ku ɗauki hoton kowane ɗaki da kowace tsaga, ku sa hannu a kan rahoton tare, don kada a ɗora maka ɓarnar da ka tarar. Ka buɗe littafin wuri da za a riƙa rubuta abin da ya faru kullum. Ranar da kafinta ya ɗaga kwano aka ga katako ya ruɓe, ka tsayar da wannan sashe, ka ɗauki hoto, ka rubuta wa injiniya, ka jira umarninsa a rubuce kafin ka sayi katako ko ɗaya. A sharuɗɗan FIDIC kwana 28 kake da su daga ranar da ka san da matsalar ka ba da sanarwar neman ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci, kuma idan suka wuce ba ka rubuta ba, haƙƙin yana iya faɗuwa gaba ɗaya.